"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": ya dace a faɗa a kan wannan tsohuwar?

Ɗan Katsina a Burazil:
Assalamu alaikum. Kakar abokin aikina ta rasu nan Sawo Paulo tana da shekara 98. 'Yar Japan ce, iyayenta suka zo da ita ta jirgin ruwa a 1933 tana 'yar shekara shida. A gonar kofi ta girma, nan ta yi aure ta hayayyafa, ba ta sake taka Japan ba. Na je ta'aziyya na tarar da gida cike da jikoki da tattaɓa-kunne. Jikarta ta ce kullum da safe ludayin farko na shinkafa a ɗan ƙaramin kofi take zuba shi, ta ajiye gaban hoton iyayenta, kafin kowa ya ci. Da na ba wani ɗan'uwa labarin sai ya ce, "Ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Maganar ta tsaya mini a rai. Manya, nan ne muhallin karin maganar?

Malam Na Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam. Mu dai yadda muka taso muka ji, gargaɗi ne ga wanda ya tafi ya yanke zumunci: babu aike, babu leƙe, ba a ganinsa a biki ko mutuwa. Ran da ya dawo sai ya iske an raba gona, ɗakinsa ya rushe, yara na tambayar wa yake nema. Su waɗannan Japanawa ci-rani suka je. Jirgin farko, Kasato Maru, ya sauka tashar jiragen ruwa ta Santos a Burazil a 1908 da mutum 781, akasarinsu da niyyar su tara abin da suka tara su koma. Albashin gonar kofi bai kai ba, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya zo ya rufe hanya. A ganina ɗan'uwanka bai yi kuskure ƙwarai ba.

Hajiya Mai Ɗinki:
Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Yarinya 'yar shekara shida ita ta bar gida? Ɗaukar ta aka yi. Sannan ku duba mana, wace mace ce ba ta barin gidan ubanta? Ni tun ina 'yar sha bakwai aka kai ni Maraɗi daga Daura, kuma ban taɓa jin an jefi amarya da wannan maganar ba. Ana faɗarta ne ga wanda ya juya wa nasa baya da gangan. Matar da ta shekara casa'in tana tuna iyayenta kowace safiya, ta raini 'ya'ya da jikoki har suka cika gida, ta ina ta juya baya? Ni da a gabana ya faɗa, da na ce masa ya nemi gafarar mamaciya.

Baban Zara:
Hajiya, a kan tsohuwar ina bayanki. Amma rabin karin maganar na biyu, wato "gida ya bar shi", ya tabbata a kan jikokin irin waɗannan mata, kuma abin da ban tausayi. A 1990 Japan ta gyara dokar shige da fice, ta buɗe wa 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi ƙaura ƙofa su zo aiki. Dubbai suka tashi daga Burazil zuwa masana'antun garuruwan Hamamatsu da Oizumi a Japan. A Burazil ana kiransu Japanawa, da suka isa can aka kira su baƙi, don da yawansu harshen Fotugal kaɗai ke bakinsu. Da tattalin arziki ya karye, a 2009 gwamnati ta ba ma'aikacin da ya rasa aiki kuɗin Japan yen 300,000 idan ya yarda ya koma Burazil. To gida bai bar su ba?

Hajiya Mai Ɗinki:
Ya bar su, amma laifin wa? Zamanin shugaban ƙasa Getulio Vargas an rufe makarantun Japananci a Burazil, aka hana jaridunsu. Yaron da aka hana uwarsa koya masa harshe a fili, jikansa zai iya? Karin maganar na ɗora laifi ne a kan wanda ya tafi, shi ya sa nake cewa bai hau nan ba.

Malam Na Ƙofar Mata:
Na karɓi gyara a kan yarinyar, Hajiya. A kan ubanta da ya ɗauko iyali kuwa ina nan kan bakata, ko da talauci ne ya koro shi. Sai dai maganar ba ta zaman makoki ba ce ko kaɗan. Ana faɗa wa rayayye ne don ya waiwaya tun da sauran lokaci.

Ɗan Katsina a Burazil:
Na gode, iyayena. Sun gayyace ni addu'arsu ta kwana arba'in da tara, kuma abokin nawa ya roƙe ni in faɗi yadda muke yabon tsohuwa irin wannan a wajenmu. Hajiya, wanne ya kamata in kai musu?

Hajiya Mai Ɗinki:
Ɗana, ka ce musu mu cewa muke mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ka kuma tambayi babbar 'yarta yadda suka yi a shekarun yaƙin, ka dawo ka ba mu labari.