Da gaske an sassauta wa mata a wasannin ƙanƙara?

Malam Sani, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganata, duk mai ja ya zo da hujja. Gasar mata a wasannin Olamfik na hunturu ba ta kai ta maza nauyi ba, kuma ba ni na rage mata nauyi ba, hukumomin wasannin ne da kansu. A bayatlon, wato gudu a kan dusar ƙanƙara haɗe da harbi, gajeren tsere na maza kilomita 10 ne, na mata 7.5. Dogon na maza 20, na mata 15. A tseren takalmin ƙanƙara da ake yi bibbiyu ana duba agogo, mafi tsawon zangon maza mita 10,000 ne, na mata 5,000. A gangaren dutse, wato zamiya daga saman dutse mai dusar ƙanƙara zuwa ƙasa, hanyar maza ta fi ta mata zurfi. A hoki an hana mata bangazar juna da jiki. Idan komai an rage shi, ta yaya za a ce lambar zinaren nan ɗaya take da waccan?

Hajiya Binta, Surulere: Wa alaikumus salam Malam. Tun da da bayatlon ka fara, mu tsaya a kansa, don rabin wasan ka kawo ka bar rabi. Tsawon gudu ya bambanta, gaskiya ne. Amma wurin harbi babu abin da aka rage wa mace. Nisan abin harbi mita 50 ne ga kowa. Idan a kwance za a yi harbin, faɗin da'irar milimita 45 ne, idan a tsaye milimita 115. Da'ira biyar, harsashi biyar. Bindigar ba za ta gaza kilo 3.5 ba, kuma a bayanka za ka goya ta tun daga farkon tsere har ƙarshe, ko kai namiji ne mai kilo 80 ko ke mace ce mai kilo 55. Wa nauyin ya fi danna?

Duk harsashin da ya kuskure, za ka shiga zagayen horo na mita 150, kimanin daƙiƙa ashirin da 'yan kai ke nan a banza. A dogon tsere kuwa minti ɗaya cur ake ƙara maka. Abin da ke kayar da mutane a nan ba ƙarfin cinya ba ne. Mutum ya shigo wurin harbi zuciya na dukan uku-uku, bai rage gudu ba tun daga nesa, numfashi na ɗaga bakin bindiga. Ko kuma iska ta juya bayan an daidaita saiti kafin tsere, shi bai kula da tutocin da ke nuna iska ba, bai gyara ba. Wannan jarabawar iri ɗaya ce, kuma mata ba sa bin bayan maza a iya saiti.

Malam Sani, Agege: Hajiya, harbi na ji. Amma ƙafar da ta yi kilomita 15 da wadda ta yi 20 ba gajiya ɗaya suka kawo wurin harbi ba.

Usman Ɗanfulani, Idi-Araba: Baba Sani, gajiya da lokaci ake auna ta, ba da kilomita kaɗai ba. Dalilin rage zangon shi ne a sa mintunan da kowa zai ɗauka yana aiki su yi kusa. Kuma wannan hujjar tana ƙarewa. Hukumar duniya ta siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna a ƙafa, ta daidaita zangon maza da mata a tseren nesa tun kakar 2022 zuwa 2023, kuma a gasar Milan da Kortina ta 2026 an sa wa mata kilomita 50 kamar maza, maimakon 30 da suka saba. Tun da matsakaicin gudun mace bai kai na namiji ba, ita ce ma za ta fi daɗewa a kan hanya. To yanzu wa aka sassauta wa?

Injiniya Kabiru, Apapa: Ni bobsiled, wato tseren keken zamiya a kan hanyar ƙanƙara, nake so a duba, don a nan ne Najeriya ke da suna, kuma mata ne suka kai mu. A Piyongcang ta Koriya ta Kudu a 2018 Najeriya ta fara halartar Olamfik na hunturu: Seun Adigun a gaba tana tuƙi, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga masu turi da birki, sai Simidele Adeagbo a sikeliton, wanda ake kwanciya rubda ciki, kai a gaba. Su ne tawagar bobsiled ta farko daga Afirka. Namiji na farko da ya wakilce mu, Samuel Ikpefan, sai a Beijin 2022.

Ga abin da masu kwatanta agogo ba sa lura da shi. Hanya ɗaya ce maza da mata ke bi, lanƙwasa ɗaya, ƙanƙara ɗaya, gudu ya haura kilomita 120 a awa. Ana sauka sau huɗu a cikin kwana biyu, a haɗa lokutan. Amma dokar nauyi daban: keken maza mai mutum biyu, da su da keken, an yarda ya kai kilo 390. Na mata ƙasa yake da haka da kusan kilo 60. Babu inji a abin nan, nauyi ne ke jan sa. Duk wanda ya ga mai kurar ruwa a gangara ya san cikakkiya ta fi wadda ba komai gudu. Don haka ko da mace ta fi namiji iya tuƙi, agogo zai ba shi gaba tun daga sikeli.

Sai wurin tashi. Ana auna turin farko a kan mita 50, kuma masu horarwa kan ce ɗaya bisa goma na daƙiƙa da ka rasa a sama yana ninka kansa kusan sau uku kafin ƙasa. Keken da mata biyu ke turawa bai fi na maza sauƙi da wani abin kirki ba, kimanin kilo ɗari da saba'in ne, amma masu turin sun fi ƙanƙanta. Bayan an faɗa ciki, direba na jan igiyoyi biyu masu zobe da ke juya ƙarafan gaba. Ta ja da yawa, ƙarfe ya kankare ƙanƙara, gudu ya ragu. Ta yi jinkirin fita daga kwana, keken ya hau bango sama ya kife. Birki ba a taɓa shi sai an wuce layin ƙarshe. Har zafin ƙarafan ana aunawa kafin tashi, don ƙarfe mai ɗumi ya fi santsi. A cikin duk wannan nuna min abin da aka rage wa mace.

Malam Sani, Agege: An rage mata mutum huɗu, Injiniya. Maza suna da mai biyu da mai huɗu.

Injiniya Kabiru, Apapa: Haka ne, kuma ni ma ina ganin wannan gibi ne. Mata ba su shiga bobsiled a Olamfik ba sai 2002, shekarar da Vonetta Flowers ta zama baƙar fata ta farko da ta ci zinare a wasannin hunturu. A 2022 aka ƙara musu monobob, mai mutum ɗaya, Kaillie Humphries ta ci. A nan ita ce mai turi, ita ce direba, ita ce mai birki, kuma keken iri ɗaya aka ba kowa, ba a bar ƙasa mai kuɗi ta ci da fasahar ƙira ba. A ganina ya fi na mutum huɗu nuna gwaninta. Kuma shi ne ƙofar da ta fi dacewa da mu: Seun Adigun 'yar tseren tsallake shinge ce da ta je Olamfik na Landan a 2012, da keken katako da ta haɗa a Amurka suka fara koyon turi. Yarinyar da ke gudun mita 100 a filin wasa na Surulere tana da rabin abin da ake nema.

Anti Rabi, Obalende: Ku zo tsallen siki. Kafin Olamfik na 2010 a Kanada, wadda ta riƙe tarihin nisa a ƙaramin tudun Whistler, inda za a yi gasar, mace ce, Lindsey Van, mita 105.5. Amma aka hana mata shiga gasar, suka je kotu ba su yi nasara ba. Sai a Sochi 2014 aka buɗe musu, Carina Vogt ta Jamus ta ci. Mace ta fi maza nisa a tudunsu, an ce ba ta isa ba. Wannan kaɗai ya ishe ni.

Usman Ɗanfulani, Idi-Araba: Anti, ina tare da ke a kan cewa an zalunce su, amma kada mu jingina da nisan nan, don Baba Sani zai ture shi da yatsa ɗaya. A tsallen siki akwai matakan tashi a saman tudu. Alƙalai kan ɗaga wurin tashi sama ko su sauke shi ƙasa. Wanda ya taso daga sama ya fi samun gudu a bakin tudu, sai ya fi nisa. Galibi mata daga matakin sama suke tasowa, maza kuma ana sauke su don kada su wuce gangara su dira a wurin da ya miƙe, gwiwa ta tafi. Saboda haka mita 105 ta wannan da ta wancan ba abu ɗaya ba ne.

Makin ma ba nisa kaɗai ba ne. Ka dira a layin da ake kira K, maki 60. Kowace mita sama ko ƙasa da shi maki 2 ne a ƙaramin tudu, 1.8 a babba. Alƙalai biyar na ba da makin salo har 20, a jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci. Sannan a ƙara ko a rage saboda iska da matakin tashi. Tsawon allon ba zai wuce kashi 145 cikin ɗari na tsayin mutum ba, kuma wanda ya rame da yawa ana rage masa tsawon, don a hana 'yan wasa kashe kansu da yunwa. Rigar ma ana aunawa, don mai faɗi tana kama iska. A gasar haɗakar maza da mata ta Beijin 2022 mata biyar aka soke wa tsalle saboda riga, ciki har da Sara Takanashi ta Japan.

In ana son kwatanci na gaskiya, ga 'yan gida ɗaya daga Sulobeniya. A watan Maris na 2025 Nika Prevc ta yi mita 236, yayanta Domen ya yi 254.5. Tazarar na nan, ba a ɓoye ta. Amma a tuna shekaru nawa maza suka yi suna tashi daga manyan tuddan nan kafin a bar mata su hau.

Hajiya Binta, Surulere: Irin wannan tarkon yana cikin rawar ƙanƙara. Mutane su ga jimillar makin namiji ta zarce ta mace, su ce shi ke nan. Makin kashi biyu ne: na tsalle da juyi, da na tsari da iya zamiya. Kashi na biyu ana ninka shi da 3.33 ga maza a dogon shiri, ga mata da 2.67. Idan alƙalai suka ba su 9 a duk rukunai ukun da ke cikin kashi na biyun, shi ya tashi da kusan 90, ita da 72. Maki 18 ke nan daga lissafi, ba daga ƙafa ba. Kuma a gajeren shiri an hana mata tsallen juyi huɗu, ko da sun iya. Sun iya kuwa: Alexandra Trusova ta yi guda biyar a dogon shiri a Beijin. Tun 1902 Madge Syers ta shiga gasar duniya cikin maza ta zo ta biyu.

Malam Sani, Agege: To Hajiya, su wa ke yin juyi huɗun? Yara 'yan shekara 15 zuwa 17, jiki bai gama girma ba. Da zarar ƙugu ya buɗe, nauyi ya ƙaru, juyin ya ragu, sai dira a kan ƙafar da ba ta gama zagayowa ba, sai ciwon ƙugu da baya. Shi ya sa hukumar ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17. Maza kuwa suna yin sa har sun haura ashirin da biyar, Ilia Malinin ma ya yi Aksel mai juyi huɗu da rabi a 2022.

Sannan har yanzu ba wanda ya taɓa min hoki. Daga 1998 zuwa 2022 zinaren mata bai fita daga hannun Kanada da Amurka ba, kuma su biyun ne a wasan ƙarshe in ban da 2006 da Suwidin ta kutsa. A maza cikin shekarun nan Cek ta ci, Kanada ta ci, Suwidin ta ci, 'yan Rasha sun ci, Finlan ta ci. Gasar da aka san masu wasan ƙarshe tun kafin a fara ba ta da zurfi.

Anti Rabi, Obalende: A hoki kana da gaskiya, Malam, amma zurfi kuɗi ne da lig. Babbar lig ɗin ƙwararrun mata ta Arewacin Amurka da ake yi yanzu sai a Janairun 2024 ta fara wasa. A inda aka daɗe ana zuba jari, dubi gangaren dutse. Ester Ledecka ta ci zinare a 2018 da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, ta koma ta ci wani a allon dusar ƙanƙara a gasa ɗaya. Mikaela Shiffrin ta wuce tarihin nasarori 86 da namiji, Ingemar Stenmark, ya kafa, a 2023, ta kai 100 a 2025. 'Yar gangaren dutse Lindsey Vonn ta nemi a bar ta ta yi tsere da maza a 2012, hukuma ce ta ƙi, ba ita ta ja da baya ba.

Malam Sani, Agege: Da an bar ta, a hanyar maza da aka watsa wa ruwa ta daskare, da ba ta zo cikin na gaba ba.

Injiniya Kabiru, Apapa: Mai yiwuwa ne, Malam, don allon gangaren maza ba ya gaza santimita 218, na mata 210, kuma nauyin jiki na taimako a nan ma. Amma maganarka ta farko ita ce an sassauta musu, ba wai za su kayar da maza ba. Waɗannan magana biyu ne daban. Kuma akwai wasan da ba a sassauta ba, hanawa aka yi gaba ɗaya: haɗakar tsallen siki da tseren nesa. Mata suna da gasar duniya a cikinsa tun 2021, amma a jadawalin Olamfik na 2026 maza kaɗai aka sa.