Me kociyoyin jami'o'in Amurka suke dubawa a wurin 'yar ƙwallon raga?

Kocin matasa, Kaduna

Assalamu alaikum. Ina horar da yara 'yan shekara 14 zuwa 18 ƙwallon raga, maza da mata. Iyaye sun fara zuwa min da maganar karatu a Amurka ta hanyar wasa, musamman iyayen wata yarinya 'yar aji ɗaya na babbar sakandare. Tsayinta santimita 181, a tsakiya take wasa, hannunta da nauyi, kuma a garinmu babu kamarta. Sai dai garinmu ba shi ne ma'auni ba, ni kuma ba na son in sa wa mutane rai a kan abin da ban auna ba. Waɗanda 'ya'yanku suka bi wannan hanya, da waɗanda suka yi wasa ko suke horarwa a can, da me ake gane yarinyar da za a ɗauka? Abin da kuka gani da idonku nake nema.

Mataimakiyar koci a kwalejin shekara biyu, Kansas

Wa alaikumus salam, Koci. Ka fara da tef ɗin awo da alli. Lambobi uku muke tambaya kafin komai: tsayinta ba takalmi, inda yatsunta ke kaiwa tana tsaye da hannu a miƙe, sai inda suke taɓawa idan ta taho da gudun duka ta yi tsalle. Ta shafa alli a yatsu ta taɓa bango, ka auna. Ragar mata tana kan mita 2.24. Zoben ƙwallon kwando kuma yana kan ƙafa 10, wato santimita 305, shi ya sa za ka ji kociyoyi suna tambaya ko yarinya tana taɓa ƙafa goma. Mai duka da ta kai nan, manyan makarantun rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, waɗanda muke ce wa D1, za su tsaya su kalle ta. Wadda ke taɓa 285 zuwa 295 ma tana da wuri, sai dai wurin daban ne. Don Allah ka rubuta abin da tef ya nuna. Ranar farko da yarinya ta iso muna sake aunawa, kuma idan an ƙara mata santimita biyar a takarda, ba za mu sake yarda da saƙon kocin da ya turo ta ba.

Amma lambobi jerin suna kawai suke sa yarinya ta shiga. A manyan gasannin kulob, irin ta Kansas City a watan Fabrairu ko ta ƙungiyar wasannin matasa ta AAU a Orlando a watan Yuni, filaye birjik ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ina zagayawa da waya a hannu da jadawalin filaye, a kowane fili ba na wuce 'yan mintuna. A cikin mintunan nan dukan da ya sa iyaye suka tashi suna ihu ba shi nake rubutawa ba. Karɓar sabis nake kallo. Muna ba kowace karɓa maki daga 0 zuwa 3: uku idan ƙwallo ta je wa seta, wato mai ɗaga ƙwallo ga masu duka, daidai har tana da zaɓin duk masu dukanta, sifili idan ta mutu a hannun mai karɓa. Wadda matsakaicinta ya haura 2 a gaban sabis mai ƙarfi, zan iya barin ta a fili zagaye shida ba tare da na cire ta ba. Ga duka kuma, a cire kurakurai daga dukan da suka ci maki, a raba da yawan dukan da ta yi gaba ɗaya. Yarinyar da ta ci 12 ta zubar da 9 a duka 30 tana kan .100, ko da kowa ya fita yana maganar sha biyun nan.

Sai abin da ba ya shiga takarda. Bayan ta buga ƙwallo waje, me ta yi? Akwai mai sunkuyar da kai, akwai mai harara ga seta, akwai wadda za ta ɗaga hannu ta ce a sake ba ni. Idan koci ya fitar da ita, ina bin ta da ido har benci in ga ko tana tsaye tana ƙarfafa wadda ta maye gurbinta. Na taɓa goge sunan wata mai tsalle sosai saboda yadda na ji ta amsa wa mahaifiyarta da ta kawo mata ruwa.

Uwar 'yar wasa, Columbus

Malama ta faɗi gaskiya game da benci, 'yata ta sha jin wannan daga bakin kociyoyi. Ni abin da zan ƙara shi ne matakin gasa. A nan kulob-kulob suna hawa-hawa, na sama shi ake kira Open, kuma can kociyoyin manyan jami'o'i suke cunkushewa. 'Yata tana mataki na ƙasa da shi, tana haskakawa sosai, amma sai ka duba bayan fili ka ga babu kowa sai mu iyaye. Kuɗin kulob da otal da mai dubban daloli ne a shekara, mahaifinta ya yi aikin dare saboda su.

Dokar D1 ita ce koci ba zai kira yarinya ko ya tura mata saƙon neman ta ba sai 15 ga Yuni bayan ta gama aji goma, wato shekara ta biyu a cikin huɗu na sakandaren nan. Ranar ta zo, ƙawayenta biyu wayarsu ba ta huta ba, tata kuma shiru. Ta yi kuka, ba zan ɓoye ba. Kocinta ya zaunar da mu ya ce shirun nan shi ma amsa ne, ya nuna mana inda take. Daga nan ta riƙa rubuta wa makarantun D2 da D3, wato rukuni na biyu da na uku, da kanta, saƙo gajere da lambobinta da makinta da bidiyo. Yanzu tana D2, tana wasa tun shekarar farko, tana karatun aikin jinya. A D2 tallafin wasa, wato kuɗin karatu da ake ba 'yan wasa, guda takwas ne ake rarraba wa ƙungiya duka, ba wanda ke samun cikakke sai ƙalilan, don haka makin aji ne ya cike mana giɓin. D3 ma ba ta ba da tallafin wasa ko kaɗan, sai na ƙoƙarin karatu da na buƙata.

Koci, iyayen za su tambaye ka maganar sutura, don ni ma ita na fara tambaya. 'Yata da hijabi da dogon wando take wasa. A 2020 an hana wata yarinya Musulma buga wasan sakandare a Nashville saboda hijabinta, abin ya tayar da ƙura, a 2021 hukumar wasannin sakandare ta ƙasa ta gyara dokar, ba a ƙara neman izini na musamman. Duk da haka kowane koci da ya kira mu sai da 'yata ta tambaye shi kai tsaye game da sutura da salla da azumi. Daga yadda mutum ya amsa kana gane ko gidan zama ne.

Tsohuwar libero, Minnesota

Gaisuwa ga manya. Yaya ta Kansas, ina da ɗan ja a kan fara magana da tsayi, don kada Koci ya watsar da gajerun yaransa. Ni santimita 165 ce kuma na yi wasa har na gama jami'a. A wasan mata na D1 ana canjin 'yan wasa sau 15 a kowane zubi, wato set, alhali a dokar FIVB, hukumar ƙwallon raga ta duniya, shida ne. Wannan ya buɗe wa masu tsaron baya ƙofa: bayan libero, wato mai riga daban da tsaron baya kawai ne aikinta, akwai masu shiga don su karɓi sabis su yi tsaro zagaye uku su fita. Gaskiya ne kuɗin tallafi ya fi tafiya wurin dogaye, kuma da wuya koci ya ɗauko libero daga wata nahiya alhali ga su nan birjik a gida. Amma seta mai hannu mai kyau da kai mai sanyi ana nemanta ko'ina.

Abin da ya sauya tun bayan zamaninmu shi ne kasuwar canjin makaranta da aka buɗe a 2018. Koci yana iya ɗauko 'yar shekara 21 da ta riga ta buga shekara biyu a jami'a maimakon ya yi caca a kan 'yar 17. Sannan bayan sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA a kan biyan kuɗi, da kotu ta amince da shi a Yunin 2025, makarantun D1 da suka shiga tsarin an ƙayyade musu 'yan wasa 18, aka cire tsohon iyakar tallafi 12, kowace ta bayar gwargwadon aljihunta. Ga yarinyar da ba a taɓa gani da ido ba, kwalejin shekara biyu ta fi zama ƙofa. Na yi wasa da 'yan Brazil da Sabiya da suka shigo ta nan.

Uba ɗan Nijar, Greensboro

Salamu alaikum jama'a. Ni ta wajen takardu na sha wahala, a kan ɗan ƙanena da muka so kawowa daga Maraɗi. Yaron dogo ne, yana tsalle, amma mun tarar da abu uku.

Na farko, maza wurinsu kaɗan ne. Ƙungiyoyin mata a D1 sun haura 300, na maza ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ko kafin sauyin 2025, tallafi huɗu da rabi ne ga ƙungiyar maza duka. Koci, samarinka su san haka tun yanzu, su duba NAIA, wata hukumar daban ta wasannin ƙananan jami'o'i, da ƙananan kwalejoji.

Na biyu, ofishin tantancewa na NCAA ba ruwansa da ƙarfin duka. Darussa 16 na asali yake ƙirgawa, da matsakaicin maki 2.3 ga D1, 2.2 ga D2. Sakamakon shekaru huɗu na ƙarshe na sakandare yake so, ba takardar jarrabawar ƙarshe kaɗai ba. Namu na Faransanci ne, sai da aka fassara layi bayan layi, ga jarrabawar Turanci da makaranta ta nema daban. Tun 2023 NCAA ta daina tilasta jarrabawar shiga jami'a ta SAT, amma wasu jami'o'in suna nema don kansu.

Na uku shi ne ya kayar da mu. Bayan gama sakandare shekara ɗaya ake ɗaga wa yaro ƙafa. Idan ya wuce ta yana ci gaba da buga gasa mai tsari, kowace shekara tana cin ɗaya daga shekarunsa huɗu na wasa a jami'a. Yaronmu ya daɗe da gama lakkol yana buga wa kulob wasa, har ana ba shi ɗan alawus, su kuma suna tambayar kowane kuɗi da aka karɓa ko ya wuce na mota da abinci. Da aka lissafa, abin da ya rage masa bai isa wani koci ya kashe tallafi a kansa ba. Koci, yarinyarka tana aji ɗaya, lokacinta ne yanzu.

Kocin matasa, Kaduna

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na auna ta jiya da yamma: a tsaye 236, da tsalle 291. Damuwata biyu. A filin siminti muke wasa a waje, bidiyon da muke da shi na waya ne daga gefe. Sannan ba ta taɓa karɓar sabis a gasa ba, don kullum libero ke shigar mata a baya. Hajiya ta Columbus, maganar sutura kuwa ita mahaifinta ya fara yi min.

Mataimakiyar koci a kwalejin shekara biyu, Kansas

291 a wannan shekarun lamba ce mai kyau, kuma da horon ƙarfi na hankali za ta ƙaru. Amma ga gaskiyar da zan gaya wa iyayenta da ni ce kai: santimita 181 a tsakiya gajarta ce a manyan makarantun nan, inda 'yan tsakiya suke kaiwa 188 zuwa sama. Dubi Chiaka Ogbogu da Foluke Akinradewo, 'ya'yan 'yan Najeriya da suka ci zinare da Amurka a Tokyo bayan sun yi Texas da Stanford, duka sun haura 185. A gefe kuwa 181 daidai ne. Ka mayar da ita mai dukan gefen hagu tun bana, ka hana libero shigar mata, ta karɓi sabis kowace rana ko da za ku yi ta faɗuwa wasa na wasu watanni. Shekara biyu na karɓa sun fi mata duk wani bidiyon duka amfani. Idan akwai ƙungiyar manyan mata kusa da ku, ta riƙa atisaye da su, don in ga yadda take idan tarewa ta fi ta tsayi. Ka dai kula kada ta sa hannu a kwantiragi ko ta karɓi albashi.

Siminti ba ya damuna. Na ɗauki yarinya daga bidiyon da akuya ta ratsa bayan fili. Abin da nake so shi ne a kafa wayar a bayan layin ƙarshe, a ɗan sama, ta ɓangaren da yarinyar take, fili duka ya fito. Kada a bi ƙwallo da kyamara, kada a sa kiɗa ko a rage gudu. Ka turo gajere na minti uku da ya fara da abin da ta fi iyawa, sannan zubi ɗaya cikakke da ba a yanke komai ba, a wasan da abokan karawa suka fi ku ƙarfi. Na biyun shi nake kallo har ƙarshe. Ka haɗa da bidiyon awon, tef yana bayyane a bango.

Uwar 'yar wasa, Columbus

Koci, ka ce wa mahaifinta ya sa 'yarsa ta yi tambayar da bakinta idan lokaci ya yi, shi kuma yana zaune yana ji. Sannan ku yi hattara da dillalai. Duk wanda ya ce a biya shi zai tabbatar da gurbi, ƙarya yake, koci ne kaɗai ke ba da gurbi, kuma adireshin imel ɗinsa yana shafin makaranta kyauta. Alkawarin baki ma ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a takardar tallafi. A karanta ta da kyau a ga ko ta haɗa da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, kuma ta shekara nawa ce.

Uba ɗan Nijar, Greensboro

Ƙari ɗaya. Ranar haihuwa ta zama iri ɗaya a fasfo da takardar haihuwa da rajistar WAEC da katin gasa. Idan akwai saɓani a gyara shi ta hanyar hukuma tun tana aji ɗaya. Biza kuma sai makaranta ta ba da takardar shaidar ɗaukar ɗalibi ta I-20 kafin a nemi bizar ɗalibai ta F-1, kuma tun Yulin 2025 da Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, abin ƙara tsauri yake yi. Ku sa jami'o'in Kanada a lissafi, su ma suna da gasar ƙwallon raga, kuma bidiyo da awo da sakamakon da kuka tara su ne dai za su nema.