Hatsari wajen koyon tuƙin jirgin sama: laifin inji ne ko na mutum?

Ɗan Argungu: Salamu alaikum. Malamai, ana yawan cewa in jirgin koyo ya faɗi kuskuren mutum ne. To wane irin kuskure, tunda malami na zaune kusa da ɗalibi? Yaranmu na Kebbi na neman shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, gara mu sani.

Tsohon Matuƙi: Wa alaikumus salam. Mafi muni shi ne kwanar ƙarshe kafin sauka. Ɗalibi ya makara, iska ta tura shi ya zarce saitin titin jirgi. Maimakon ya haƙura, sai ya ƙara kwantar da fiffike, ya danna feda, ya ja sitiyari. Ɗauki Cessna 172: a miƙe, ba a sauke filaf (faifan bayan fiffike) ba, fiffikenta na daina ɗaukarta a gudun not 48 (not ma'aunin gudun jirgi ne). In ta kwanta digiri 60, nauyin da ke kan fiffike ya ninka biyu, wannan 48 ɗin ta koma 68, shi kuwa yana tafe a 65. Nan take hanci zai faɗi, jirgi ya fara juyi, ga ƙasa ƙafa 400 ko 500 kacal. Ko malamin gwani ne, babu sararin gyara. Shi ya sa ake hana ɗalibi wuce digiri 30 a zagayen fili. In saiti ya ɓaci, cika totur, daidaita fiffike, ka sake zagayowa. Ba abin kunya ba ne, amma yara sun ɗauke shi kamar faɗuwa jarrabawa.

Injiniya Jega: Ranka ya daɗe, a ƙara da zafi. Lissafin littafin jirgi daga maki 15 yake farawa. Kowane maki ɗaya da ya ƙaru, jirgi na ji kamar an ɗaga fili ƙafa 120. A zafin Afrilu irin na Birnin Kebbi, maki 42, sama da ƙafa 3,000 ke nan: inji ya yi sanyin jiki, gudun tashi ya tsawaita. Wanda bai buɗe jadawalin littafin jirgi ba, sai ya ga ƙarshen titi taya na ƙasa.

Sai mai. Kada a amince da allurar tanki, a buɗe murfi a duba da ido. A tsiyayi kaɗan daga ƙasan kowane tanki: man jirgin, 100LL, shuɗi ne, ruwa kuwa kwantawa yake a gindin kofi.

Tsohon Matuƙi: Gaskiyarka, Injiniya. Batun malami kuma, Ɗan Argungu, kuskuren nasa jinkiri ne: yana so yaro ya gyara da kansa, har lokaci ya ƙure. Wani lokacin kowa na zaton ɗayan ke tuƙi. Don haka miƙa sitiyari sau uku ake furta shi: "karɓi", "na karɓa", "yana hannunka".

Ɗan Argungu: Allah ya saka. Hazon hunturu fa?

Injiniya Jega: In ƙura ta shafe inda sama ta haɗu da ƙasa, kunnen ciki na yaudarar mutum, ya ji a miƙe yake alhali ya karkata. Ɗalibin da bai koyi tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba, ranar a ƙasa zai yini.