Ta yaya zan tsara kalmomin Sinanci a littafina?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. A shagon baffana nake zama a Kantin Kwari, yadi da leshi da mayafai muke sayarwa, kuma ya yi min alkawarin idan Allah ya kai mu watan Oktoba tare za mu je Guangzhou a ƙasar Sin, lokacin baje kolin Canton. Shi da tafinta yake yawo, ni kuwa burina ko ciniki ne in yi shi da bakina. Shi ya sa na kama Sinanci, kullum bayan isha'i.

Kalmomin matakin farko na HSK, jarrabawar auna iya Sinanci, na gama rubuta su, na shiga na biyu. Da farko duk kalmar da na ci karo da ita nan nake sa ta a ƙasan 'yar'uwarta, sai wani abokina ya ce in ware su: launuka shafinsu daban, lambobi daban, tufafi daban. Na ware. To yanzu shuɗi da kore sun hana ni sakat. Lán da lǜ, na san duka launi ne, na san ma gefen shafin da suke, amma wanne ne wanne sai na leƙa. Tsarin ne bai yi ba, ko haƙuri zan ƙara?

Malamar Faransanci, Zariya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba Sinanci na sani ba, amma ciwon nan na san shi a aji. Ba kanka ba ne, shafin ne. Wani mai bincike, Thomas Tinkham, ya gwada a 1993, Robert Waring ya maimaita gwajin a 1997, kuma abu ɗaya suka gani: sababbin kalmomi 'yan jinsi ɗaya, kamar sunayen tufafi ko 'ya'yan itace, sun fi ɗaukar lokacin koyo idan aka haɗa su wuri guda, domin kowacce tana shiga wa 'yar'uwarta hanci da ƙudundune. A 1997 ɗin kuma Tinkham ya nuna akwai haɗin da yake taimakawa, wato kalmomin da lamari ɗaya ya tara su ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Don haka raba littafinka bisa abin da za ka je yi. Shafi ɗaya na shiga shago ka nemi samfur, ɗaya na ciniki, ɗaya na biyan kafin alƙalami da ranar karɓar kaya, ɗaya na masauki da abinci. A kowane shafi za ka ga suna da aiki da sifa sun cakuɗe, kuma haka ake so. Ɗalibaina jerin ranakun mako yana ba su wuya, amma “ranar Talata ina zuwa kasuwa” ba ta ɓace musu. Shafin launukan kada ka yage shi, mayar da shi ƙarshen littafi don dubawa.

Tsohon Ɗan Sanyuanli:

Malama ta yi gaskiya, amma wuri ɗaya zan saɓa mata. Lambobi dole shafinsu guda, kuma shi ne shafin farko, ɗana, domin nan kuɗin baffanka yake.

Sinawa ba da dubu suke ƙirga manyan kuɗi ba, da dubu goma suke yi, wàn. Abin da kai za ka ce dubu 100, su shí wàn za su ce, goma sau dubu goma. Rubuta farashin da kuka saba ji a shago, ka juya kowanne zuwa ƙirgarsu har bakinka ya saba. Sai ragi: idan mai shago ya ce bā zhé, ba kashi 8 ya rage maka ba, kashi 80 cikin 100 na kuɗin za ka biya. Sannan huɗu da goma, sì da shí. Mutanen kudancin Sin da yawa ba sa bambanta s da sh, sai ka ji su kusan ɗaya, karin sautin kaɗai ya raba su. Duk gwanintarka, a buga maka adadin a kalkuleta ka gani da idonka, su ma haka suke so.

A shafin ciniki kuma jimla za ka rubuta, ba kalma tsirara ba. Duōshao qián yì mǐ, nawa mita ɗaya. Tài guì le, ya yi tsada. Piányi yìdiǎn, rage kaɗan. Ka kuma tambaya da mita ake awo ko da yadi, mǐ ko mǎ, don a kasuwar yadi ta Zhongda da ke Guangzhou duka biyun ana ji, kuma yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya. A kan dila guda wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ɗalibi a Wuhan:

Ranka ya daɗe Alhaji, ka gama magana. Zan ƙara biyu kawai. Yaya, kada ka taɓa rubuta kalma babu alamar karin sautinta a kai, ko da jan biro ne. Saye mǎi ne, sayarwa mài. Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, tunda da karin sauti muke raba kukan yaro da kukar miya. Kowane suna kuma ka rubuta shi da kalmar ƙirgarsa manne: yí jiàn ga riga, yì tiáo ga wando, yì shuāng ga takalmi.

Na biyu, littafi yana koya maka gurbin kalma a shafi, shi ya sa kake tuna gefe ka manta ma'ana. Maganinsa ƙananan katuna da za ka riƙa cakuɗawa, wanda ka ci ka jinkirta shi, wanda ka faɗi ya dawo gobe. Tsarin Sebastian Leitner ne na Jamus tun 1972, manhajar Anki ma a waya irin aikin take yi. Launukanka kuwa ka ɗaura kowanne a jikin abu: lǜchá koren shayi, lántiān shuɗin sama, kuma ka bar mako tsakaninsu.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Yau da daddare zan buɗe sabon littafi, lambobi a gaba. Alhaji, shafin sito da lodi fa, me zan fara sawa?

Tsohon Ɗan Sanyuanli:

Cāngkù sito, xiāng kwali, guì kwantena. Ka bar sauran shafin fari, ka zauna da baffanka ya faɗa maka tambayoyin da yake sa tafinta ya yi wa masu lodi, su za ka nemo ka cike da su.