Ƙanena zai zo da iyalinsa daga Amurka, wace takarda suke bukata kafin su iso Maraɗi?

Baban Hadiza, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ƙanena ya shekara 14 a garin Greensboro, ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya auri Ba'amurkiya, Allah ya ba su yara biyu, babban yana da shekara bakwai, ƙaramin bai cika biyu ba. Inna ba ta taɓa ganin jikokinta ba sai ta waya. Ranar Juma'a ma na tarar da ita zaune a bakin ƙofar ɗakinta, tana shafa hoton ƙaramin a kan salula da ɗan yatsa, tana kiransa maigida. Yanzu ƙanen nawa ya ce fasfon Amurka ba ya bukatar biza, don haka zai sayi tikiti zuwa Kano, su biyo mota ta Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa. Fasfonsa na Nijar kuwa ya daɗe da mutuwa. Shin maganarsa daidai ce?

Alhaji na Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam, Baban Hadiza. Don Allah ka tsayar da shi kafin ya biya kuɗin tikiti. Gaskiya ne mai fasfon Amurka yana shiga ƙasashen Turai na yankin Shengen ba biza har kwana 90 cikin kwana 180, haka ma yana samun kwana 90 a Maroko da Senegal da Turkiyya, kuma wannan ne ke sa mutanenmu na can suke zaton kowace ƙofa a buɗe take. Amma Nijar da Najeriya ba sa cikin wannan sahu. Idan ya sauka Kano da fasfon Amurka, sai da bizar Najeriya ta mutum huɗu, domin jinjiri ma da tasa, sannan a Ɗan Isa a sake tambayarsu izinin shiga Nijar. Gajeriyar hanyar da yake hange ta ninka masa takardu ne.

Abin da ya fi nauyi shi ne halin da ake ciki tsakanin gwamnatoci. A watan Yuni na 2025 Cadi ta dakatar da ba Amurkawa biza, ramuwa kan hana ƴan ƙasarta shiga Amurka. A watan Disamba na shekarar Amurka ta ƙara Nijar da Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga, su ma suka mayar da martani da irin abin da aka yi musu. Saboda haka a ganina hanyar da ta fi masa tsafta ita ce ya dawo gida a matsayin ɗan Nijar, tunda dokar ƙasarmu ta yarda da riƙe ƙasa biyu tun 2014, kuma ƴaƴan da ɗan Nijar ya haifa suna da haƙƙin zama ƴan ƙasa ta wajen uba. Ya tuntuɓi ofishin jakadancinmu da ke Washington kan sabunta fasfonsa da takardun yaran, ya nemi amsa a rubuce. Amma kada ya baro fasfon Amurka a gida, domin dokarsu ta wajabta wa ɗan ƙasa ya fita kuma ya koma da shi.

Hajiya ta Bagalam:

Baban Hadiza, Allah ya kawo su lafiya. Ni aikina a asibiti ne, don haka zan tsaya kan katin rigakafin shawara, wannan mai launin ɗorawa, wanda ake tambaya a filin jirgin Diori Hamani na Yamai. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma da yin ta, kuma a Amurka ba kowane likita ke da izinin yin ta ba, sai wuraren da aka amince wa. Ana yi wa yaro daga wata tara, ke nan ƙaramin ma ya isa. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, idan ƙanenka yana da tsohon katinsa ya adana shi. Su kuma nemi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, musamman in da damina za su zo, domin jikin yaran bai san shi ba.

Ku duba fasfon babban yaron da kyau. Na yara ƴan ƙasa da shekara 16 shekara biyar kawai yake yi, ba goma ba. Ɗan yayata an mayar da shi daga wurin awon kaya na filin jirgi saboda wata huɗu suka rage wa fasfonsa, alhali ana son aƙalla shida, mu kuma a nan har an yanka rago an ɗora tukunya.

Malam na Sabon Gari:

Yaya, duk abin da aka faɗa ya warware na ƙanenka da yaran, amma matarsa fa? Ita fasfo ɗaya gare ta, kuma aure ba ya buɗe mata iyaka da kansa. Idan ofishin jakadanci ya ce ba ta samun biza, ku yi tunanin haɗuwa a wata ƙasa. In musulma ce, tun 2019 Saudiyya take ba Amurkawa biza ta intanet wadda ake iya yin umara da ita, sai ku shirya wa Inna tata tafiyar daga Yamai, ta ga jikokinta a Makka.

Baban Hadiza:

Allah ya saka muku da alheri. Na kira shi da daddare na karanta masa amsoshinku, ya fasa sayen tikitin Kano, kuma da ya buɗe fasfon babban yaron sai ya ga saura wata uku. Inna ta ce takardar haihuwar ƙanen nawa tana cikin adakarta, ƙarƙashin zannuwa, gobe da safe zan ɗauko ta in tura masa hotonta.