A wane aji zan sa takobinmu a Dungeons & Dragons?

Jama'a, a taimaka. Ni ke jan wannan wasan labari na kan tebur ga abokaina a nan Garwa, da dokokin bugu na 5 na 2014, kuma labarinmu na mahayan Lamiɗo ne. Inda na maƙale shi ne takobi.

Littafin ya ba dogon takobin Turawa sara na 1d8 (wato a jefa ɗan lido ɗaya mai fuska takwas don sanin yawan ɓarnar da ya yi), ko 1d10 idan an kama shi da hannu biyu. To namu fa? Na ɗauko na kakana na duba: miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawonsa ya kusa mita ɗaya, amma mariƙinsa hannu ɗaya kawai yake ɗauka. Kenan 1d10 ya fita. Gajeren takobin littafin kuwa na suka ne, 1d6, alhali bakin namu ba shi da tsini sosai, sara aka yi shi dominsa. Wani ya ce in sa shi a ajin lanƙwasasshen takobi, ban yarda ba, wannan rainin ƙira ne.

Yanzu kuma ɗan Anjamena da ke cikinmu ya dage sai an ba shi kaskara, takobin mutanen Chadi da Sudan. In haɗa su a aji ɗaya, ko in ƙirƙiro sabo? Idan sabo ne, yaya zan yi kada ya rinjayi sauran makamai?