Saitin kwalliyar harufa a Word: na koya ko na kyale?

Uwargida, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ke buga wa Islamiyyar unguwarmu takardu, sakamakon jarrabawa da katin walimar sauka. Ɗan yayata ya nuna min wani sashe a Word mai suna Advanced, inda ake haɗe harufa, a matse tazara, a yi musu jela. Na zauna na ƙawata katin walima da wani nau'in rubutu da na sauko da shi daga intanet. Da na kai wurin mai bugawa a cikin gari, kwalliyar ta ɓace, ƙ da ɗ kuma suka koma akwatuna. Kati ɗari biyu! Shin wannan saitin na irinmu ne, ko na ƙwararru?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Laifin ba na saitin ba ne. Rubutun da kika zaɓa babu shi a kwamfutar mai bugawa, sai ta canza da abin da take da shi. Ki riƙa mayar da aikin PDF kafin ki fita daga gida, harufan za su tafi tare da takardar. Mu masu aiki da manhajar zane ta CorelDRAW, Ctrl+Q muke dannawa, rubutu ya koma zane, shi ke nan.

Malam mai shagon kwamfuta, Kawo:
Tun Word 2010 aka saka wannan sashen, kuma yawancin masu zuwa shagona ba su taɓa buɗe shi ba, aikinsu na tafiya lafiya lau. An yi shi ne don masu tsara littafi da mujalla. Amma abu ɗaya a ciki zai amfane ki, wato saitin lambobi. Akwai rubutun da lambobinsa ke hawa da sauka, kamar Constantia, 3 da 9 su zubo ƙasa, 6 da 8 su miƙe. A cikin labari suna da kyau, a takardar maki kuwa sai ka rasa inda layi ya dosa. A nan za ki daidaita su tsayi ɗaya, faɗi ɗaya, su jeru a ƙarƙashin juna. Jelar nan dai ki bar wa sunan amarya a katin biki.

Ɗalibi, Unguwar Rimi:
Anti, babbar matsalarmu masu lanƙwasa ce. Yawancin rubutun kwalliya don Turanci aka zana su, ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ. Kafin ki ɓata lokaci, ki fara buga "ƙwarya, ɗaki, ɓera" ki gani. In harafi ɗaya ya fita daban da 'yan uwansa, aro kwamfutar ta yi. Nau'in rubutun Charis da Andika na SIL, wata ƙungiya mai aiki kan harsuna, kyauta ne, suna da su duka. In da Ajami a katin, akwai nau'in rubutu mai suna Alkalami, wanda aka yi shi a kan rubutun Kano.

Ɗan Rigasa:
Malam, ban yarda a ce na masu littafi ne kaɗai ba. Babban take a kalanda in ba a gyara tazara ba, A da W sai su zauna kamar masu gaba.

Uwargida, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na gwada "ƙwarya" yanzu, ashe tun a kwamfutata ƙ ɗin ta aro ce, ban lura ba. Alkalamin nan a ina zan same shi? Walimar ranar Asabar ce.